Sakan Uku Da Rabi A Gangare

Tun ranar da Auta ya zo falonmu da sharaɗin ubansa na san babu alheri a ciki. Na faɗa wa ƙanwata, amma so hana ganin laifi, wa zai saurare ni?

Ƙanwata ita ce wadda masu kallon bidiyonta ke kira 'Yar Sitiyari. Sana'arta gwajin mota. Kamfani ya ce motarsa tana yin kaza, ita kuma ta hau titi da motar, ta liƙa na'urar auna gudu a gilashin gaba, ta faɗa wa mutane abin da na'urar ta nuna, ko da daɗi ko babu. Ni yayarta ni ce mai riƙe mata kyamara. Da wannan aikin muke riƙe da Umma tun rasuwar mahaifinmu, kuma abin da ya sa ake kallonmu bai wuce ɗaya ba: an san ba ta ƙari, ba ta ragi.

Shi kuwa Auta ɗan autan Alhaji ne mai babban shagon motoci, irin shagon nan mai bangon gilashi da ake goge tayil ɗinsa har ka hango fuskarka. Kyakkyawa ne, ba zan ci haƙƙinsa ba, ga sanyin murya, ga iya kallon mace. Sai dai in an matsa shi babu ƙashi a jikinsa. Sun daɗe suna son juna, gidansu kuma sun ce ba su san zancen ba. Hajiyarsa ta rantse ba za ta haɗa zuri'a da macen da duniya ta gama kallon fuskarta tana tsere a titi ba. Suna da tasu a hannu, 'yar abokin kasuwancin Alhaji da suke kira Gimbiya, wadda ko ƙofar mota ba ta buɗe wa kanta.

Ya zauna a bakin kujera yana murza yatsu, ya ce Abbansa ya sauko. Wai ya shigo da sababbin motocin lantarki, an kafa allunan talla ko'ina cewa daga tsaye cik zuwa gudun kilomita ɗari sakan uku da rabi kawai motar ke ɗauka. Mutane suna zuwa kallo amma ba sa saye, sun ce zancen allo ne. To idan ƙanwata ta gwada motar ta tabbatar wa duniya da lambar nan, Abba zai turo manya gidanmu.

Na ce, "Idan motar ba ta kai ba fa?"

Ya ce ai za ta kai, kamfani ne ya rubuta.

Umma ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa jin inda aka auna aure da agogo ba. Amma ƙanwata ta riga ta durƙusa ta dafa gwiwar Umma, hawaye sharɓe-sharɓe.

"Umma, aikina ne fa aka ce in yi. Yau ne karo na farko da suka ce ina da wani amfani. Don Allah kar ku hana ni."

Umma ta ce to, Allah ya sa a dace. Ni na tashi na shiga ɗaki, don in na zauna zan faɗi abin da ba za a so ji ba.

* * *

Alhaji da kansa ya zaɓi wurin. Wani sabon titi ne a bayan ɗakunan ajiyar kayansa, an gama shimfiɗa kwalta ba a buɗe wa jama'a ba. Mun isa da hantsi muka tarar har an kafa rumfa an jera kujeru, sai ka ce liyafa. Alhaji na tsakiya, Hajiya a gefensa, Gimbiya kusa da ita ta ɗora ƙafa kan ƙafa tana danna waya. Ƙanwata ta durƙusa har ƙasa ta gaishe su. Alhaji ya amsa da fara'a. Hajiya ta amsa da hanci.

Ta fara aikinta yadda ta saba. Ta duba iskar tayoyi, ta duba batir ta ga cike yake, ta kashe na'urar sanyi, ta kwashe duk wani tarkace daga cikin motar, ta ɗan zaga da ita don batirin ya ɗauki ɗumi. Ni kuma ina kafa ƙafafun kyamara na ajiye robar ruwata a kan kwalta. Ina juyowa na ga roba ta kama hanya tana gangarawa ita kaɗai.

Na taɓa ƙanwata na nuna mata. Ta ce ta gani tun ɗazu, ba komai, ai shi ya sa ake zuwa a dawo.

Ƙa'idar aikin ke nan, kuma duk mai kallonta ya sani. Titi ba ya rasa gangare, iska ba ta rasa ɓangaren da take turawa. Saboda haka ana gudu a je, a juyo a dawo ta kan layin, a haɗa biyun a raba. Abin da ya fito shi ne gaskiyar mota.

Ta shiga ta ɗaura bel, ta taka birki da totur tare, ta saki birki. Motar nan ba ta da ƙara, sai ƙugin taya kawai, kafin ka ƙifta ido ta zama ɗigo a ƙarshen titi. Muryarta ta fito ta wayar da ke hannuna cike da murna, ta ce uku da rabi cif.

Rumfa ta ɗauki tafi. Auta ya yi tsalle kamar yaro. Alhaji ya miƙe yana gyara riga ya ce to alhamdulillahi, an gama.

Na ce saura dawowa, Alhaji.

Ya dube ni kamar yanzu ya san da mutum a wurin, ya koma ya zauna.

Ta dawo da hawa, ta tsaya gaban rumfa. Tun kafin ta buɗe ƙofa na karanta a fuskarta. Ta fito jiki a sanyaye ta ce dawowar ta kusa huɗu da rabi, in an haɗa an raba motar tana kan sakan huɗu. Ta ce bari ta sake, wataƙila ita ce ta yi jinkirin sakin birki.

Ta sake. Ta kuma sakewa. Zuwa yana kaiwa, dawowa tana ƙi. Rana ta fara zafi, batir ya fara sauka, lambar ma sai ƙara baya take yi.

A nan Hajiya ta gyara zama, ta yi magana da ƙarfi yadda har direbobin da ke tsaye bayan rumfa za su ji.

"Ni fa ban ga laifin mota ba. Kamfani da mutum ya auna, bai ce a ɗora mata buhu ba."

Ƙanwata cikakkiyar mace ce, haka Allah ya yi mu a gidanmu, ba ta taɓa jin kunyar jikinta ba. Dariya ta tashi. Gimbiya ta rufe baki da waya kafaɗunta na motsi. Na juya ina neman Auta, sai ga shi ya sunkuyar da kai yana goge takalmi da gefen tabarmar rumfa. Wallahi da ba don darajar furfura ba, ranar da Hajiya ta ji abin da ba ta taɓa ji ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ƙanwata ta yi. Ta zo gabana ta cire rigar saman da take tuƙi da ita, ta cire agogo, ta cire har takalmi, ta zuba mini a hannu. Macen da ta san sarai ko kilo ashirin aka rage ba zai cike wannan ratar ba, ita ce ta koma mota ba takalmi, kwalta na ƙona mata tafin ƙafa.

Na ajiye kayan, na ɗauki kyamara, na bi ta da motarmu zuwa can ƙasan titi.

* * *

Na same ta ta kifa kai a kan sitiyari. Ban kai ga magana ba sai ga motar Auta ta tsaya a bayanmu. Ya buɗe ɗaya ƙofar ya shiga kusa da ita, ya ce in ɗan ba su wuri. Na ce ko nan da can.

Ya fara da lallashi. Ya ce ta yi haƙuri da Hajiya, haka take, ba ta nufin komai. Sannan ya gangaro kan abin da ya kawo shi. Wai ai motar ta yi uku da rabi, kowa ya gani, na'ura ta nuna. Ta ɗauki wannan ta saka, ta bar zancen dawowa.

Ta ɗago idanunta jajur ta ce, "Ka san abin da kake cewa in yi kuwa?"

"Ban ce ki ƙirƙiri komai ba. Abin da ya faru za ki nuna."

"Rabin abin da ya faru. Gangare ne ya tura ta, Auta. Wanda zai saya ba a gangare zai zauna ba."

Ya ce rabin sakan ne fa, wa ya taɓa mutuwa saboda rabin sakan? Mai saye ko a jikinsa, ba zai taɓa ganewa ba. Ta ce ita ta sani, kuma mutanen nan saboda ita suke yarda. Ta ce masa shi ke nan abin da ta mallaka, ba ta da gidan gilashi, ba ta da uba, sai dai in ta ce abu kaza ne a yarda kaza ne.

Sai ya fashe da kuka. Ƙato da shi, har da majina.

"To ni fa? Ni ba ki mallake ni ba? Abba ya ce in yau ba a dace ba, kar in sake kawo masa zancenki, maganar Gimbiya za a tsayar. Kin san ba zan iya ja da shi ba. Na yi shekaru ina shan zagi a gida saboda ke, ke kuma rabin sakan ba za ki iya bar mini ba? Ashe na'urar nan ta fi ni a wurinki."

Na ce masa ya ji tsoron Allah. Ko kallona bai yi ba. Ya kama gefen mayafinta ya ce in ta bar shi a yau, ita ta kashe auren da hannunta, ba Abba ba.

Ta daɗe tana kuka, irin kukan da ba ya fitar da sauti. Ta ce ya rantse mata in ta yi, magana ta ƙare, ba wani sharaɗi kuma. Ya rantse. Ta ce ya rantse zai tsaya mata ko me ya biyo baya. Ya rantse da sauri, har yana haɗawa da kabarin kakarsa.

Ta share fuska, ta ce in kunna kyamara.

Na ce ba da ni ba. Ta ce, "Yaya, ke kin yi naki auren. Ki bar ni in yi nawa."

Maganar ta soke ni, na kunna. Ta gyara mayafi, ta yi murmushin nan da aka san ta da shi, ta ɗaga na'urar ta nuna lambar zuwa, ta ce ta gwada da kanta, abin da ke kan allo gaskiya ne, sakan uku da rabi.

A gida na ƙi taɓa bidiyon. Ita ta zauna ta yanke dawowar da hannunta, ta juya hoton yadda ba za a lura da gangaren ba, ta sake shi. Umma ta tambaye ta ko an dace, ta ce an dace. Ta shige ɗaki ba ta ci abinci ba.

* * *

Bidiyo ya tashi kamar wutar daji. Aka yi ta turawa, aka yi ta yabo, shagon Alhaji ya cika. Mu kuwa shiru. Ba manya, ba saƙo. Auta in ta kira ya ce yana tare da Abba, zai kira, kuma ba ya kira. Kullum da yamma sai ta share falo ta gyara labule, ta zauna tana sauraren ƙarar mota a ƙofar gida.

Da saƙo ya zo, cewa aka yi Alhaji na son ganinta a shago. Ta yi kwalliya, ta ce in raka ta. Na ɗauki jakata muka tafi.

Muna shiga muka ci karo da fuskarta. An kafa wani ƙaton talabijin a tsakiyar shago, bidiyon yana ƙarewa yana sake farawa, muryarta ta cika wurin. Ta kawar da kai muka wuce ofis.

Alhaji na bayan tebur, Hajiya a doguwar kujera, Auta na tsaye jikin bango ya harɗe hannu a baya kamar ɗan makaranta. Ba a ce mu zauna ba. Ƙanwata ta durƙusa ta gaishe su, a nan ƙasa ta ci gaba da zama.

Alhaji ya ce ya gode, ta yi aiki, kasuwa ta buɗe. Sannan ya cire tabarau ya ajiye.

"'Yata, tambaya ɗaya zan yi miki, tsakaninki da Allah. Motar nan tana yin uku da rabi?"

Ta sunkuyar da kai. Ya ce yana jira. Da ƙyar ta ce a gangare tana yi.

"A titin da ba gangare fa?"

Ta ce ba ta yi.

Ya gyaɗa kai yana murmushi. Ya ce ya sani, ai shi ya zaɓi titin, ya san gangarensa tun ana zuba masa tsakuwa. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba ya sayen kaya bai gwada ba, kuma ranar nan ba mota kaɗai aka gwada ba.

"An ce mini ke ba kya ƙarya, shi ne kaɗai abin da yaron nan yake yi mini tutiya da shi. Sai ga shi saboda namiji kin kalli dubban mutane kin yi musu ƙarya kina murmushi. To ni mutum ɗaya, da uwarsa mace ɗaya, me zai hana ki yi mana? Ba zan saka ki a gidana ba."

Hajiya ta ce ita dama ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Na ce Alhaji, da ta faɗi gaskiya ranar fa? Ya ce da ta ci mutuncinsa a gaban jama'a, wa zai ba ɗansa macen da ta karya masa kasuwa? Ko kunya babu, haka ya faɗa yana gyara hula. Ashe tun farko ƙofa biyu ya buɗe mata, dukkansu waje suke fita.

Ƙanwata ba ta kula shi ba. Ta juya a durƙushen ta kalli Auta.

"Faɗa musu. Faɗa musu wa ya shigo mota yana kuka."

Auta ya kalli ubansa, ya kalli silin.

"Auta, ka rantse mini. Yaya na wurin. Ka ce za ka tsaya mini. Ba na neman ka yi faɗa da kowa, ka buɗe baki kawai ka ce ni na sa ta."

Alhaji ya juya ya tambaye shi ko shi ya sa ta. Ya yi magana ƙasa-ƙasa sai da aka ce ya ɗaga murya.

"Ni shawara kawai na ba ta, Abba. Ita ta san aikinta."

Na taɓa ganin an mari mutum, ban taɓa ganin fuska ta mutu irin haka ba. Ta dafa tebur ta miƙe. Ta ce to za ta sauke bidiyon ta faɗa wa mutane gaskiya.

Alhaji ya yi dariya ya ce bismillah. Ya ce shi takardar kamfani ya karanta ya rubuta a allo, in da kuskure na kamfani ne. Ita ce ta auna, ita ta ce ta gani da idonta. In ta fito ta ce ƙarya ta yi, sunan wa zai mutu? Ya ce ta yi tunanin tsohuwar da take ciyarwa. Sannan ya ce Hajiya ta tashi su je, mutanen gidan su Gimbiya na jiransu.

Na riƙe hannunta muka fito. Hannun sanyi ƙalau kamar ƙanƙara.

Mun kusa ƙofa wani dattijo ya tare mu, ya fito daga wurin masu rubuta takardun ciniki da makullin mota a hannu, matarsa na biye da shi. Ya kalli talabijin, ya kalle ta, fuskarsa ta washe. Ya ce ashe yana da rabon ganinta. Ya ce 'ya'yansa sun yi ta hana shi sayen motar nan, sun ce duk tallan banza ne, shi kuma ya ce tunda yarinyar nan ta faɗa an gama.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. A zamanin nan ke kaɗai ce in kin yi magana nake rufe ido in yarda."

Ta tsaya tana kallonsa. A bayanta muryarta na sake cewa ta gwada da kanta. Hawaye ya gangaro mata, dattijo ya ɗauka na jin daɗi ne, har yana ce wa matarsa kin ga tarbiyya.

Ta saki hannuna, ta goge fuska da bayan hannu.

"Yaya, kyamara na jakarki?"

Na ce tana nan. Na tuna mata abin da Alhaji ya faɗa, na ce in ta yi wannan mun rasa aikin ma. Ta ce ta ji. Ta roƙi dattijo ya ɗan tsaya kar ya tafi, akwai abin da ya kamata ya ji. Ta taka ta tsaya daidai ƙarƙashin talabijin ɗin, ta ce in ciro in kunna.

Ina cire murfin kyamara na ji an banko ƙofar ofis. Auta ne da gudu, yana ture kujeru, yana kiran ta da ƙarfi duk shago na ji. Mutumin da ɗazu sai da aka ce ya ɗaga murya. Ta juyo, kuma wallahi na ga sauran sa rai a idonta, ta ɗauka ya dawo ne ya tsaya mata.

Ya iso yana haki, ya tare gaban kyamara da tafin hannu.

"Don girman Allah kar ki yi mana haka. Akwai sauran motoci a ajiye ba a sayar ba."